Nawa ne kuɗin awa guda ta tarakta da direbanta?

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye a makon da ruwan shuka ya sauka ya san abin da ke faruwa a ƙofar gidan mai tarakta. Tun kafin a fito daga sallar asuba babura sun yi layi. Wannan ya ce gonarsa a bakin hanya take, a fara da ita. Wancan ya ce shi tun bazara ya yi magana. Sai ciniki ya kaure. "Alhaji, a duba mana, bara fa ba haka muka biya ba." Shi kuma ya ce, "Malam, je ka gidan mai ka tambayo kuɗin gas, sai ka dawo mu yi magana." A ƙarshe a tsaya kan wani adadi, manomi ya tafi yana ganin an tsawwala masa, mai tarakta ya shiga gida yana ganin ya yi rangwame. Damina huɗu na yi a irin wannan ƙofar gida ina riƙe wa kawuna littafin taraktarsa, kuma abin da na fahimta shi ne, a cikin mutanen nan biyu babu wanda ya san nawa awa guda ta injin take ci. Manomi dai ba hurumin sa ba ne ya sani. Mai tarakta kuwa, wannan rashin sanin ne ke kai taraktoci da yawa gindin bishiya, a ɗora su kan bulo, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, tun ba su tsufa ba.

A wajenmu ba a saba cinikin tarakta da awa ba. Jinga ake yi: a dubi gona a yanka mata kuɗi, ko a ce eka kaza, ko hekta kaza. A wasu ƙasashen awa ma'auni ce da kowa ya sani. A Birtaniya ƙungiyar 'yan kwangilar aikin gona, NAAC, tana fitar da jadawalin farashi duk shekara, har da kuɗin tarakta da direba a awa guda gwargwadon ƙarfin injin. A Amurka, Jami'ar Jihar Iowa kan tambayi manoma da masu ba da haya duk shekara, ta wallafa abin da ake biya. Manominmu yana da hujjarsa ta gudun cinikin awa, kuma zan zo kanta. Sai dai injin bai san eka ba. Da awa yake shan gas, da awa baƙin mai ke gajiya, da awa ringi da fistin ke cinyewa. Mai tarakta da awa yake saye, da eka yake sayarwa, kuma ɗan kasuwar da ke saye da mudu yana sayarwa da tiya bai san nawa ke shiga nawa ba, ƙarshensa a bayyane yake.

Bari mu ɗauki misali da irin taraktar da ta fi yawa a gonakin Arewa, mai ƙarfin doki 75, kamar Massey Ferguson 375 da ake haɗawa a Pakistan, ko takwarorinta na Indiya irin su Mahindra da Sonalika. Lambobin kuɗin da zan kawo na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin rabawa. Kowa ya cire nawa ya sa na kasuwar garinsu a ranar da yake lissafi. Mu ce sabuwarta naira miliyan 30 ce, garma mai faifai uku kuma miliyan 3.

Abin da kowa ke gani shi ne man gas, wato dizal. Irin wannan tarakta, idan tana jan garma a ƙasa mai ɗan nauyi, mu ce lita 8 take sha a awa. A kan naira 1,200 lita, 9,600 ke nan. Mutane da yawa suna ɗora tsadar aikin tarakta kan cire tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, alhali tallafin fetur aka cire. Gas ya daɗe yana bin farashin kasuwa, kuma babban tsallensa a 2022 ya yi shi, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, lokacin da lita ta tashi daga wajen naira 300 ta kai 800. Tsadar fetur ta bayan gida ta shigo wa tarakta, ta kuɗin babur ɗin da ke kai jarkoki daji da kuɗin cefanen direba. Bayan gas sai baƙin mai, wanda ake juyewa bayan kamar awa 250, da giris da filtoci da man hadrolik. Waɗannan idan aka baje su a kan awa sukan kai wajen kashi 15 cikin ɗari na kuɗin gas, mu ce 1,400. Direba da yaronsa mu ba su 2,000 a awa. Jimla 13,000. A nan lissafin kawuna yake tsayawa, kuma a nan na mafi yawan masu tarakta da na sani yake tsayawa. Duk abin da ya haura wannan, riba ake kiransa.

Gyara shi ne na farko da ake mantawa, don ba ya zuwa kullum. Sabuwar tarakta takan yi shekara biyu ba ta nemi komai ba sai boris da bel, mai ita ya saki jiki. Rana guda kuloci ya tafi, ko famfon gas, ko tayoyin baya biyu su nemi canji a lokaci ɗaya, sai a rasa inda za a dosa. Injiniyoyin aikin gona na Amurka suna ƙiyasta wa tarakta mai ja da ƙafafun baya rayuwar awa 12,000, kuma a ƙiyasinsu abin da za a kashe mata na gyara a tsawon wannan rayuwa ya kai kuɗin sayenta sabuwa. A misalinmu 2,500 ke nan a kowace awa. Da ƙurarmu, da gas ɗin bumburutu da ake gaurayawa, da kututturen da ke ɓoye a gonaki, da kayan gyaran jabu, 3,000 ba ta yi yawa ba. Ita ma garma tana da nata: faifai na cinyewa, boris na fashewa, ƙarfe na tsagewa a kai wa mai walda, kuma rayuwarta ba ta wuce awa dubu biyu da wani abu. A sa mata 2,500. Yanzu awa ta kai 18,500, kuma har yanzu ba mu taɓa babban abin ba.

Babban abin shi ne kuɗin da tarakta ke ci ko tana aiki ko tana kwance. Idan mun ɗauka za ta yi shekara 10 sannan a sayar da ita a kan kashi ɗaya cikin biyar na darajarta, wato miliyan 6, to miliyan 24 ne za su narke a hanya, miliyan 2.4 duk shekara. Wannan kuɗi babu mai zuwa ƙofar gida ya karɓe shi, babu rasit, shi ya sa ba a jin fitarsa. Amma wanda bai ware shi ba, ranar da taraktar ta gama aiki zai tarar ba shi da tarakta ba shi da kuɗinta. Ya cinye ta ne a hankali, taya yau, injin gobe, a cefane da biki da kuɗin makaranta, yana zaton riba yake ci. Faɗuwar naira ta ƙara dagula abin. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi tarakta a 2021, ko da ya yi ta tara kason tsufanta bisa farashin da ya saya, abin da zai tara ba zai sayo masa rabin wata ba. Don haka a kan farashin sabuwa na yau ya kamata a riƙa ɗora wannan kaso, a sake lissafinsa kowace bazara.

Sai kuma haƙƙin jarin kansa. Wanda ya ci bashin banki ya san wannan ba sai an gaya masa ba, musamman da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Wanda ya bi ta bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz ko TAJ, shi ma akwai ribar da banki ya ɗora a cinikin murabaha ko ijara. Wanda ya saya da kuɗin aljihunsa ne ke cewa shi ba a bin sa komai. Na sha yin wannan muhawara da kawu. Nakan ce masa, "Kawu, da kuɗin nan hatsi ka saya da kaka ka ajiye, ko shanu ka ɗaure, ko sukuk, takardar zuba jari ta gwamnati marar ruwa, ka saya da ya ba da kusan kashi 20 a 2025, ai da sun haifar maka da wani abu. Taraktar ce ta hana su haihuwa, ita ya kamata ta biya." Matsakaicin abin da ke ɗaure a jikinta tsawon rayuwarta miliyan 18 ne, kashi 20 na wannan kuwa miliyan 3.6 ne a shekara. Gogaggen akanta zai ce idan ana sabunta farashin tarakta duk shekara, sai a sassauta wannan kaso don kada a ƙirga hauhawar farashi sau biyu, kuma da gaskiyarsa. Mai yi wa kansa lissafi yana iya rage shi, amma kada ya share shi. A ƙara 600,000 na rumfa da maigadi da takardu da inshora ga mai yi. Miliyan 6.6 ke nan a shekara, kafin a tayar da injin ko sau ɗaya.

Wannan adadi shi ne ya sa babu wani farashi guda da za a ce shi ne na gaskiya ga kowa. Taraktar da ta yi awa 300 a shekara, kowace awa tana ɗauke da 22,000 na wannan kaya. Wadda ta yi 600, 11,000. Wadda ta yi 1,000, 6,600 kacal. Idan aka haɗa da 18,500 ɗin can, awar ta farko 40,500 ce, ta biyu 29,500, ta uku 25,100. Tarakta iri ɗaya, gas iri ɗaya, amma ɗaya tana iya karɓar kuɗin da zai kashe ɗayar kuma ta ci riba.

Matsalarmu a Arewa mai nisa ita ce ƙarancin kwanakin aiki. A Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato, gyaran gonar damina makonni kaɗan ne tsakanin Yuni da Yuli. Ko direba ya yi awa 12 kullum na kwana 30, awa 360 ya samu. Shi ya sa masu wayon sana'ar ba sa zaman jiran ruwan garinsu. Tun Afrilu suke tura taraktocinsu Binuwai da Nasarawa da Taraba da kudancin Neja, inda damina ke riga sauka, su biyo ruwa zuwa Kaduna da Bauchi, su iso gida a kan kari. Haka masu tarakta na Ejura a Ghana ke yi, su gama nasu su haura arewacin ƙasar. Da rani kuma sai gonakin ban ruwa na Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, sai jan tirela: taki, yashi, buhunan amfanin gona, tankin ruwa, da juya injin sussuka. Kowace awa da aka ƙara tana rage wa 'yan uwanta nauyi. Rashin tsaro ya yi wa wannan tsari babbar illa da ba a cika ambata ba. Mai tarakta da ya daina tura ta dazukan Zamfara ko yankin Birnin Gwari don tsoron abin da zai sami direbansa ya rasa awoyi, kuma manomin da ke zaune lafiya a wani gari shi ke biyan kuɗin awoyin nan da aka rasa, ko da bai sani ba.

Ko a cikin awoyin da agogon tarakta ya nuna, ba duka ake biya ba. Akwai tafiya daga gida zuwa gona, daga wannan gona zuwa waccan, komawa gari neman mai faci, jiran mai gona ya zo ya nuna iyaka. A littafin da na riƙe, wannan ɓangare ne ya fi ba ni mamaki da na fara rubuta shi daban. Idan cikin awa 600 ɗaya bisa biyar ta tafi a hanya, awa 480 ce za ta ɗauki nauyin miliyan 17.7 na shekarar, kowace ta koma kusan 36,900. Sannan ga ɗan kamasho, wanda ke tara manoma ya karɓo kuɗi. Idan kashi 10 yake ɗauka, sai an karɓi wajen 41,000 kafin mai tarakta ya tashi babu ci babu asara.

Juya wannan zuwa gona ba shi da wuya. Faɗin abin da ake ja, sau nisan da aka yi a awa, a cire lokacin juyawa da tsayawa. Garma mai faifai uku tana yanka kamar santimita 80. A gudun kilomita 6 a awa, murabba'in mita 4,800 ke nan. A cire kwata saboda juyi a bakin gona da cire ciyawar da ta naɗe, saura 3,600. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, don haka tana cin awa uku ba kwata, ko fiye da haka kaɗan. A kan 41,000, hekta ta tashi kusan 114,000, eka kuma wajen 46,000. Haro mai faɗin mita 2 a gudun kilomita 7 yana gama hekta cikin ƙasa da awa guda, kusan 39,000. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa a wurare da yawa manoma suka bar garma suka koma haro zalla, a bi sau ɗaya ko sau biyu, sai rija ta biyo ta yi kunya.

Yanzu a ce, a wannan misali namu, mai tarakta ya karɓi 60,000 a hekta don ya ji maƙwabcinsa haka yake karɓa. Awarsa ta tashi 21,600. Ya cire 13,000 na gas da mai da direba, 8,600 ta rage, a wunin awa goma 86,000 a aljihu. Wa zai gaya masa asara yake yi? Sai shekara ta huɗu, ranar da injin ya nemi a sauke shi.

Akwai dalilin da ya sa farashin kasuwa ke yawan zama ƙasa da abin da lissafi ya bayar, kuma tarihi na da hannu a ciki. Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da juyin noma na Shehu Shagari a 1980, lokacin da ake haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, gwamnatoci ke buɗe sassan ba da hayar tarakta a ma'aikatun gona da ƙananan hukumomi, a farashin da ko gyara ba ya biya. Niyyar mai kyau ce. Abin da ya biyo baya kuwa duk wanda ya leƙa bayan sakatariyar ƙaramar hukuma ya gan shi: gawarwakin taraktoci a jere, an cire wa wannan don a tayar da waccan har duka suka kwanta. Tsarin ya koya wa manomi farashin da ba na gaskiya ba, ya kuma karya gwiwar ɗan kasuwar da ya sayi tasa da guminsa. Har yau wanda ya sami tarakta a rabin kuɗi ta hanyar rabon gwamnati yana iya karya farashi a gari na shekara biyu ko uku, kafin tasa ta kwanta. A Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus. Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, don muna bukatarsu, kuma a ganina abin da zai yanke tsawon ransu shi ne ko kuɗin hayarsu zai ƙunshi gyara da tsufa, kuma ko za a bar kuɗin a asusun da makanike zai iya kaiwa gare shi a tsakiyar damina. Idan gwamnati na son sauƙaƙa wa manomi, gara ta biya masa wani kaso na cikakken farashi a fili, da a ɓoye tallafin a cikin ƙarfen da ake kashewa.

Masu tsofaffin taraktoci, waɗanda aka sayo na hannu, su ma suna iya sauke farashi da gaskiyarsu, tunda jarin da ke ɗaure a jikinsu kaɗan ne. Nasu haɗarin a wani wuri yake. Kwana biyar a garejin makanike a tsakiyar Yuni ya fi wata biyu a Fabrairu ciwo.

Direba fa? A misalinmu shi da yaronsa suna tashi da miliyan 1.2 a shekara, wato 100,000 a wata su biyu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024. Mutum ne da ke wuni cikin ƙura da rana, ya kwana yana aiki da fitila, ya yi wata biyu bai ga iyalinsa ba, kuma dukiyar miliyan 30 na hannunsa a dajin da mai ita bai taɓa takawa ba. Ana yawan kuka da direbobi: suna sayar da gas, suna yin aikin dare su soke kuɗin, suna cewa eka biyar suka yi alhali bakwai ce. Wasu suna yi, na gani da idona. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yadda ake biyan direba shi ke tsara yadda zai tuƙa. Wanda ake biya da eka zai ɗaga garma ya taka wuta, ya bar wa manomi ƙasar da aka sosa kawai. Wanda aka yanka wa balas, kawo kaza kullum saura naka, zai matse injin, ya tsallake juyen mai, ya shiga gona mai kututture don kada ya rasa kuɗin yau. Wanda ke kan albashin wata tsura ba shi da dalilin fita da asuba. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne haɗi: ɗan albashi da ke tafiya har da rani don kada ya gudu ya koma acaɓa, da kaso a kan aikin da aka yi, da wani tukuici a ƙarshen damina idan tarakta ta dawo gida lafiya. Wannan ya fi tsada a takarda. Kuloci guda da aka tsirar ya biya bambancin.

Hujjar manomi ta ƙin cinikin awa kuwa mai ƙarfi ce. Ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Idan da awa ake biya, direba na iya tafiyar hawainiya, tsohuwar tarakta mai rauni ta fi sabuwa cin kuɗi, kuma agogon kansa abin tambaya ne: a tsofaffin taraktoci da yawa agogon awa juyin injin yake ƙirgawa, ba ya daidaita da agogon hannu sai a wani gudu na musamman, wani kuma ya daɗe da mutuwa. Cinikin eka yana mayar da wannan haɗari kan mai tarakta, wanda shi ya fi iko da shi. Amma shi ma yana da ramukansa. Hekta guda eka biyu da kusan rabi ce, kalmar kadada kuma wani eka yake nufi da ita, wani hekta, kuma na ga faɗan da wannan kaɗai ya haddasa tsakanin mutanen da ke sallah a sahu ɗaya. Sannan eka ba ta zama daidai da eka. Ta jigawa mai yashi da ta fadama mai laka ba su shan gas ɗaya. Doguwar gona mai mita 200 da 'yar guntuwa mai kusurwa biyar, da bishiyar ɗorawa a tsakiya, ba su cin lokaci ɗaya, don a ƙaramar rabin aikin juyi ne. Gadon da ake ta rabawa yana ƙara yawan irin waɗannan guntaye kowace shekara. Farashi guda ga kowa yana nufin mai gona mai sauƙi ne ke biya wa mai wahala, ko kuma direba ya rama a kan zurfin garma. Araha ba ta ado, kuma a gona sai yabanya ta fito ake ganin haka.

Don haka ni a ganina aikin da ake iya aunawa, garma da haro da rija a gonar da aka sani, a bar shi a kan eka ko hekta, amma a auna da waya maimakon ido, tunda yanzu ko ƙaramar wayar zamani tana zagaya gona ta faɗi girmanta, kuma a faɗi zurfin da aka yi ciniki a kai. Aikin da ba a san ƙarshensa ba, sabon fili mai saiwoyi, gyaran hanya, jan kaya a wuri mai laka, janyo motar da ta kafe, wannan na awa ne, a duba agogon hannu tare a farko da ƙarshe. Malamanmu ma sharaɗin da suke kafawa a haya shi ne aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne. Wanda zai biya sai kaka, a yanke adadinsa tun ranar ciniki, kuɗi ne ko buhu, kada a bari sai an ga farashin kasuwa.

Gas kuma ya fi kyau a raba shi da sauran kuɗin. Ko manomi ya kawo nasa, a cika tanki a gabansa kafin a fara, a sake cikawa bayan an gama, ko a ce kuɗin aiki kaza ne da lita kaza a farashin ranar. Hakan na kashe rabin gardamar ƙofar gida, domin abin da ke hawa da sauka an fitar da shi fili, abin da ya rage kuma ana iya tsayar da shi tun kafin damina. Ƙungiyoyin masu tarakta irin TOHFAN suna da damar yin abin da takwarorinsu na waje ke yi, su tattara abin da mambobinsu suka kashe da abin da suka karɓa a kowace shiyya, su fitar da shi a rediyo da Hausa kafin ruwa ya sauka, manomi ya ji, mai tarakta ya ji.

Hanya mafi kusa ta sauke farashi ba tare da an cuci kowa ba tana hannun manoma. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya kuma fara aiki a Najeriya, a kan wannan ya gina sana'arsa: na'ura a jikin tarakta da ke nuna wa mai ita inda take da abin da ta yi, da wakilai a ƙauyuka da ke tara gonakin da ke kusa da juna kafin a kira ta. Ba sai da manhaja ake yin na biyun ba. A daminata ta ƙarshe da littafin kawu, wani dattijo daga wata unguwa ya zo da takarda ɗauke da sunayen mutum goma sha ɗaya da gonakinsu ke jere a hanya ɗaya, sun cire kututture, sun tara rabin kuɗi. Ya ce, "Ɗana, ku ba mu kwana biyu a jere, ku faɗi abin da za ku rage mana." Na buɗe littafi na duba abin da tafiya ke ci mana a kwana biyu na aikin warwatse, na nuna wa kawu, ya cire musu shi daga farashi. Taraktar ta shiga gonar farko da hantsin Talata, ba ta sake taka kwalta ba sai daren Laraba.